Rabe Mai Dusa da Rago Lamba Sha Bakwai

Idan baƙo ya tsaya a rumfar Rabe Mai Dusa da ke bakin kara, kasuwar dabbobi, a Nguru, ba sunansa ake fara tambaya ba, sunan kakansa ne. Mutum zai zo sayen dusa kwano biyu, akuyarsa na gida tana ta kuka, amma sai ya tsaya ya faɗi inda aka haifi ubansa, da abin da ya kawo su garin, da ko uwarsa 'yar gari ce ko daga ƙauye aka ɗauko ta. In amsar ta yi wa Rabe daɗi, sai ya cika kwano har ya yi tozo. In ba ta yi ba, sai ya sa tafin hannu ya shafe bakin kwanon tas, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Shi kansa asalin nasa ba wani dogon labari ba ne. Kakansa ya zo daga Haɗeja zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa da ƙaro da fata daga Nguru, kuma tsofaffin da suka san shi sun ce dako yake yi a tasha. A bakin Rabe kuwa dakon nan ya daɗe da zama fatauci, buhunan da tsohon ya ɗauka a ka duk sun koma nasa. Ba wanda ya taɓa musa masa, don musu da Rabe aikin yini guda ne, mutane kuma suna da abin yi.

Da ya gama da mutanen gari, kowa ya ji matsayinsa ko yana so ko ba ya so, sai ya koma kan tumaki. A nan kam, a faɗi gaskiya, yana da ido. Zai dubi tunkiya daga nesa ya ce wannan uda ce amma an yi mata gauraye da 'yar ƙasa ta wajen uwa, a bincika a tarar haka ne. Abin da ya ɓata shi, bai iya faɗin haka ya yi shiru ba. Sai ya bi mai tunkiyar da kallon tausayi, kamar shi ne aka gauraya.

Mutum ɗaya ne a duniya Rabe bai taɓa tambayar kakansa ba, shi ne Bobboi, wani Bafulatani da ke zaune a rugarsa a kan hanyar Jajimaji. Shekara talatin Bobboi ke riƙe wa Rabe tumaki a cikin garkensa. Duk ranar Juma'a yakan shigo gari da ƙwaryar nonon da matarsa Asta ta dama, ya zauna a ƙarshen bencin rumfar, ya jingine sandarsa a kafaɗa. Rabe ya yi ta zuba, Bobboi ya yi ta cewa "haka ne" har a kira salla, su tafi masallaci tare. Mutane na cewa da ba don Bobboi ba, da tuni magana ta kumbura cikin Rabe. Shi ma Rabe yana son Bafulatanin nan so na gaske, sai dai ya fi ƙaunar a yanka shi da ya furta haka.

A haka ake har shekarar da wata tirela ta lalace kusa da tasha, ɗauke da raguna daga gabas. Kwana uku direban na jiran kanikawa, dabbobi suna galabaita, sai ya fara sauke wasu yana sayarwa. A cikinsu akwai wani farin rago, dogo kamar maraƙi, hancinsa a lanƙwashe, kunnuwansa har kafaɗa. Rabe ya gan shi, hankalinsa ya tashi. Mutumin da ba ya sayar da kwanon dusa sai ya ji tarihi, ya tambayi direban tambaya ɗaya tak, daga ina ragon yake. Direban ya ɗaga kafaɗa ya ce shi dai a wata kasuwa aka loda masa. Rabe ya ce ba komai, ya ja igiya.

Kafin ya isa gida ragon ya samu suna, Ciyaman, kafin mako ya zagayo kuma ya samu dangi. Ubansa na wani babban attajiri ne a Sudan, uwarsa ba ta taɓa shan ruwan kududdufi ba, kakansa kuwa sai da aka yi masa mota shi kaɗai. Matar Rabe, Suwaibatu, wadda ta shekara ashirin da bakwai tana jin irin wannan, ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, ashe ragon ya fi 'ya'yanka asali."

Rabe ya ce, "Ta wajen uwa kam."

Al'adar unguwar ita ce aron rago. Matan aure da zawarawa kowacce tana da tunkiya ɗaya ko biyu a turke, da su ake yin layya, da su ake haɗa kayan ɗakin 'ya. Ba kowa ke iya ciyar da rago ba, saboda haka in tunkiya ta nemi barbara, sai a kai ta gidan mai rago ta kwana biyu, ko a ari ragon. Ba a biyan komai, godiya ce kawai da addu'a. Rabe ya mai da wannan abu fadanci. Sai an zo an durƙusa an gaishe shi, ya fito ya zagaya tunkiyar, ya buɗe bakinta, ya tambayi wadda ta haife ta. Wasu ya karɓa, wasu ya ce a dawo baɗi in hali ya gyaru. Cikin wata biyu babu turken da Ciyaman bai san hanyarsa ba a unguwar, sai na waɗanda Rabe ya raina. Su waɗannan sun yi ta jin haushi a lokacin.

Da Rabe ya ce zai tura ragon ruga ya yi wata guda a garke, Bobboi ya sauko daga benci, ya tsuguna, ya shafa cikin ragon da marainansa, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Malam Rabe, baƙon dabba a kan ware shi tukun. Ɗaya gefen nan ya kumbura. Mu bar shi wata biyu mu gani."

Rabe ya yi dariya har da buga cinya. "Kai Bobboi, ka saba da ragunan daji masu kamar kare. Wannan cikar halitta ce. Alheri nake so in yi maka, kana duba masa wando?"

Bobboi ya miƙe ya karɓi igiyar. Mutumin da ka shafe shekara talatin kana zama a bencinsa ba ka ce masa a'a sau biyu, kunya ba za ta bari ba. Ranar ya koma ruga da ƙwarya a hannu ɗaya, igiyar Ciyaman a ɗayan.

Wata huɗu bayan nan aka fara ɓari. Tunkiyar Suwaibatu ce ta farko, ta zubar da tagwaye da gashinsu da komai, saura 'yan makonni su zo duniya. Aka ce tsautsayi ne. Kwana uku ta maƙwabta ta bi, sannan ta wata bazawara da ta shekara biyu tana tattalin tata, sannan abin ya zama kullum sai an ga an fito da wani abu a tsumma za a kai bola. A ruga abin ya fi muni. Tumakin Bobboi sun fi sittin, kusan rabinsu suka zubar, waɗanda suka haihu kuma 'ya'yan ba su iya miƙewa su kama nono ba. Fulani suna kiran cutar bakkale, sun kuma san ba ta zuwa da ƙafarta, kawo ta ake yi.

Rabe ma ya san kawo ta ake yi, har ya gano wanda ya kawo ta. A daminar nan Bobboi ya karɓi tumaki goma na surukinsa Yuguda daga Yusufari, don can ciyawa ta yi wuya. Tumaki ne 'yan ƙanana, masu dabbare-dabbare, ba wanda ya san ubansu. Ga Rabe magana ta ƙare ke nan. Bai kira Bobboi gefe ba, bai je ruga ba. Ya bari sai ranar Juma'a, rumfa ta cika da mahauta da dillalai, Bobboi ya ajiye ƙwarya ya zauna, sannan ya ɗaga murya.

"Ku gaya mini, jama'a, mutum a ba shi amanar jini mai kyau, ya je ya kwaso tarkacen Yusufari marasa asali ya zuba a ciki, me sunan wannan? Sun shafa wa tumakina, sun shafa wa ragona, ragon ya dawo gari da ita. Duk ɓarin unguwar nan daga rugar can ya fito."

Bobboi ya dubi ƙasa, ya dubi sandarsa. Can ya miƙe ya ce, "Allah ya sani." Ya tafi ya bar ƙwaryar a kan benci, bai kuma dawo ɗaukarta ba.

Ana cikin haka wata likitar dabbobi mai suna Wasila ta zo daga jami'ar Gashua. 'Yar Bade ce, ba ta da yawan magana, tana yawo ƙauye-ƙauye da akwatin ƙanƙara tana ɗibar jini da nono da guntun mabiyiya daga tumakin da suka yi ɓari. Duk inda ta je maganarta ɗaya ce: a tafasa madara kafin a sha, a binne ɓarin da mabiyiyar a rami mai zurfi, mace mai ciki kada ta taɓa. Rabe bai damu da wannan ba. Abin da ya sa ya miƙe tsaye shi ne amsar da ta ba shi da ya tambaye ta me za ta yi da jinin.

Ta ce, "Baba, ƙwayar cutar nan ba iri ɗaya ba ce. Suna ɗaya gare ta, amma gida-gida ce, kamar mutane. Akwai na'urar da ke karanta abin da kowace ƙwaya ta gada daga iyayenta. In an karanta, za a san wannan da waccan 'yan gida ɗaya ne ko kuwa ba su haɗa komai ba."

Rabe ya riƙe baki. Shekara da shekaru ana yi masa kallon mai shisshigi, ashe har Turawa sun ƙera inji don sana'arsa. Ya rufe rumfa, abin da bai yi ba ko ranar sunan ɗansa na fari, ya shiga gaban motarta ya zama ɗan jagora. Gida-gida ya kai ta. Ya kai ta har bakin ruga, ya tsaya a mota ya ƙi sauka, yana leƙe ta taga yana cewa kada ta manta da masu dabbare-dabbaren. Da suka dawo ta ce tana so ta ɗauki na ragon ma, ya ce ai dole, ta kai can su ga yadda jini mai kyau yake. Ta ɗebi jininsa da maniyyinsa, ta maƙala masa wata 'yar alama ruwan ɗorawa a kunne, kamar yadda ta yi wa kowace dabbar da ta ɗiba, mai lamba goma sha bakwai. Rabe ya gaya wa duk unguwa cewa gwamnati ta yi wa Ciyaman rajista.

Sakamakon ya ɗauki wata uku, don sai an aika da kayan wani babban ɗakin bincike mai nisa. Sau biyu Rabe yana hawa mota zuwa Gashua jin labari, ya dawo da barkono da haushi. A zuwa na uku ya tarar takardun sun iso. Likita Wasila ta ba shi kujera, ta rufe ƙofar ofis, ta jujjuya takardar a hannunta.

Ta ce, "Baba, gara in fara gaya maka kai kaɗai."

Ya ɗaga hannu. "A'a, Likita. A gaban jama'a na yi magana, a gaban jama'a za a tabbatar da ita. Kada a ce na shiga ofis mun ƙulla. Ki zo kara ranar kasuwa ki karanta kowa ya ji."

"Baba, ka dai saurara."

"'Yar nan, na girmi ubanki. Ranar kasuwa."

Ya fita yana gyara babbar riga. Ta bi shi da kallo, ta ce a ranta ta yi iyakar nata.

Shi da kansa ya tara mutanen. Ya aro bencina daga makarantar Islamiyya, ya sa aka share gindin wata bishiyar maina, ya aika wa dillalai da mahauta da makiyayan da suka shigo kasuwa. Har ruga ya aika, amma Bobboi bai zo ba. Ya sa aka wanke Ciyaman da sabulu, aka ɗaura masa jan ƙyalle a wuya, ya ɗaure shi a gefensa inda kowa zai gani.

Likita Wasila ta kafa wani babban kwali mai zane kamar reshen itace. Ta ce a tsakanin Gashua da Nguru da Yusufari sun samu gida huɗu na ƙwayar. Ɗaya tana bin bakin kogi wajen Gashua. Ɗaya tana wajen Jajimaji. Ɗaya ta Yusufari ce, tsohuwa, da alama ta daɗe a ƙasar.

Rabe ya ce, "Yawwa. A ji da kyau."

Ta ce an samu ta Yusufarin a jikin tunkiya ɗaya cikin goman Yuguda, amma ba a same ta a ɓari ko ɗaya ba, na ruga ko na gari. Duk ɓarin da aka ɗiba a unguwar da rugar gida ɗaya ne, na huɗun, kuma baƙuwa ce. Ba ta da dangi a ƙasar nan, danginta na kusa suna can gabas mai nisa. Turakun unguwar da ba a kai wa rago ba, ba a samu komai a cikinsu ba. Ta ɗan tsaya, ta dubi takardarta, ba ta dubi kowa ba. Ta ce namiji ɗaya ne aka samu da wannan baƙuwar, kuma ya daɗe da ita a jikinsa, shi ne dabba mai lamba goma sha bakwai. Ba ta ambaci sunan kowa ba, yarinyar tana da tarbiyya.

Sai dai ba a bukatar suna. Wani mahauci mai suna Hamma, wanda Rabe ya taɓa gaya masa cewa kakarsa a kasuwa aka tsince ta, ya taso a hankali, ya kama kunnen Ciyaman, ya juya alamar ta fuskanci jama'a. Bai yi boko ba, amma ya iya lamba.

Ya ce, "Ɗaya da bakwai. Malam Rabe, ashe rajistar ke nan."

Dariyar da aka yi ba mai ƙarfi ba ce, da ma mai ƙarfi ce da ta fi sauƙi. Irin wadda kowa ke sunkuyar da kai yana girgiza kafaɗa ce. Wani daga baya ya tambaya ko ita ma ƙwayar ba ta taɓa shan ruwan kududdufi ba. Rabe ya buɗe baki ya ce injin na iya kuskure, likitar ta ce sau biyu aka maimaita. Ciyaman kuwa yana tsaye yana tuƙa, jan ƙyallensa na kaɗawa.

Washegari aka yanka ragon bisa shawarar likita. Matan unguwa suka daina gaishe shi da durƙuso, wasu suka daina gaba ɗaya. Wannan duk Rabe zai iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya masa a wuya ƙwaryar nan ce, wadda har yanzu take kife a saman buhunan rumfa.

Sai da ya yi kwana tara yana shiri. Bai iya ba da haƙuri ba, bai taɓa koya ba, saboda haka ya yi abin da ya iya: ya ɗora buhun dusa mai kyau a bayan babur, ya ɗaura ƙwaryar a kai, ya nufi hanyar Jajimaji da hantsi. Bobboi ya tarbe shi kamar yadda ake tarbar baƙo. Aka shimfiɗa tabarma, Asta ta kawo ruwa, aka gaisa har da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Gaisuwar ta yi tsawo ƙwarai, irin wadda ake yi wa wanda ba a saba da shi ba. Garken ya ragu sosai. A gindin wata aduwa, nesa da sauran, Rabe ya hango tumakinsa guda bakwai an ɗaure su a igiya ɗaya.

Ya ce, "Ga dusa na kawo. Ga kuma ƙwaryarku."

Bobboi ya ce, "An gode. Ga tumakinka can, na ware su. Ka samu wanda zai riƙe maka."

"Haba Bobboi. Abin da ya faru ai ƙaddara ce."

"Ɓarin ƙaddara ne. Na yafe ɓarin tun ranar." Ya ɗan kakkaɓe tabarmar da hannu. "Tambaya ɗaya gare ni, Malam Rabe. Shekara talatin ina zaune ina ji kana tambayar kowa ɗan wane ne. Ragon nan, ɗan wane ne?"

Rabe ya dubi aduwar, ya dubi buhun, ya ji attajirin Sudan ya zo masa har bakin harshe. Ya haɗiye shi.

Ya ce, "Ban sani ba."

Bobboi ya gyaɗa kai. "Ni ka san ni."

Ya raka shi har bakin hanya, ya taya shi kora tumakin, ya yi masa addu'ar sauka lafiya.

Rabe yana nan a rumfarsa a bakin kara, ya ɗan rame, gemun ya yi fari. Har yanzu in baƙo ya zo tambayar takan taso masa, a ga leɓensa ya motsa, sai ya sunkuya ya cika kwano ya miƙa. Dillalai sun ce dusarsa ta fi auki yanzu, ba su kuma ce sun yi kewar tarihin ba. Ranar Juma'a ce kawai ba a gane kansa. Tun da hantsi zai goge ƙarshen bencin nan da gefen rigarsa, duk wanda ya zo zama a wurin ya ce masa ya matsa, akwai mai wurin. Haka zai yi ta korar mutane yana duban hanyar Jajimaji har a kira salla, sannan ya ɗauki dardumarsa ya tafi masallaci shi kaɗai.